Harajin da muke biya, ina yake tafiya?

Sani Mai Atamfa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah masu ilimin cikinmu su ba ni amsar gaskiya, ba ta siyasa ba. Tun da 2026 ta kama ake ta yi mana bayanin sabuwar dokar haraji a rediyo, wai kowa ya yi rajista, kowa ya biya. Ni ban ce ba zan biya ba. Abin da nake so in sani, wanda na riga na biya me aka yi da shi? Ina biyan kuɗin shago, kuɗin shara, kuɗin allon talla, kuɗin sauke kaya, ga naira 50 da ake cira a banki duk lokacin da aka tura dubu goma ko sama da haka. Amma ruwa wajen 'yan garuwa nake saya, wuta sai janareta da sola, mai gadin layinmu karo-karo muke yi mu biya shi, yarana suna makarantar kuɗi. To wane aiki ne ya rage da gwamnati take yi mini?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kai ma ka ji daɗi, da hannunka kake miƙawa, har ka iya cewa yau babu ciniki a dawo gobe. Mu ma'aikata kafin albashi ya shigo waya an riga an zabtare haraji. Ni malamar firamare ce. Ajina yara sun yi yawan da in na juya zan yi rubutu a allo, na baya ba sa jin abin da nake faɗa. Rabinsu a ƙasa suke zaune, wasu a kan buhun siminti da suke zuwa da shi daga gida a naɗe a hammata. Alli da kuɗina nake saya. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, 'yata ta cikina ban sa ta a makarantar da nake koyarwa ba, domin na san abin da ke ciki. Harajina da albashina duk ta hannun gwamnati ɗaya suke bi, amma ban yarda in ba ta 'yata ba.

Abu Yusra: Alhaji Sani, Malama, na ji ku, kuma ba zan ce ƙarya kuke yi ba. Ni ma'aikacin tara kuɗin shiga ne, don haka ku yi haƙuri in faɗi abin da nake gani daga ɗaya ɓangaren. Da farko, yawancin abin da Alhaji ya lissafa ba ya isa baitulmali. A duba rasit ɗin. In babu lambar biya ta banki, in da biro aka rubuta shi aka yago daga wani littafi, to akwai yiwuwar kuɗin a aljihun wani ya kwana. Na biyu, a ƙasa baki ɗaya harajin da ake tarawa kaɗan ne ƙwarai. Alƙaluman hukuma na shekarar 2021 sun nuna bai kai kashi 11 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa ba, muna cikin na ƙasa-ƙasa a Afirka. Akwai mai shago goma da motoci a gida wanda harajin kuɗin shigarsa bai kai na Malama ba. Da me za a gina ajin, in masu hali ba sa biya?

Ita sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta sauke wa talaka nauyi ne a wannan fannin. Duk wanda kuɗin shigarsa na shekara bai wuce naira 800,000 ba, babu harajin albashi a kansa. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata, in aka cire masa kuɗin fansho, ya faɗa cikin wannan rukunin. Kayan abinci na yau da kullum, magani da littattafan makaranta ba a ɗora musu VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya.

Sani Mai Atamfa: Abu Yusra, in kuɗina ya kwana a aljihun wani, laifin wa? Ni na ba shi rigar aikin? Ni na ba shi kwado da sarƙar da yake garƙame shago da su? Ranar da ban biya ba, da 'yan sanda yake zuwa. In ya zo karɓa sunansa gwamnati, in an tambayi aiki kuma sai a ce ai ba a san shi ba. Wannan maganar ba za ta shiga kunnena ba.

Abu Yusra: Ban ce laifinka ba ne, Alhaji. Laifinmu ne, mu da masu ba wa 'yan siyasa kwangilar karɓar kuɗin kasuwa da tasha a matsayin ladan wahalar zaɓe. Cewa na yi ka san inda yake zurarewa.

Ɗanjuma Direba: Ku bari in shigo, don in ana maganar rasit ni ne sarki. Albasa nake ɗauka zuwa kudu, wani lokaci shanu. Gaban motata akwai wata jakar leda, cike take da sitika da takardu: na ƙaramar hukuma, na jiha, na duba amfanin gona, na muhalli, na rediyon mota, wasu ma ban san sunansu ba. Ka shiga wata jiha su ce na jihar baya ba ya aiki a nan. Katako ne mai ƙusoshi a kan titi, da samari riƙe da gora. Ka tsaya gardama albasa ta fara zufa a cikin buhu, sai ka biya ka wuce. Duk wannan kuɗin mai kaya a kan farashi yake ɗora shi, matar da ta je cefane ita ke biya ba ta sani ba. Titin kuma da ake karɓar kuɗin a kansa, shi ne ke cinye mana taya da sifirin. Kun tuna a farkon 2021 da dillalan abinci da na dabbobi suka tsayar da kai kaya kudu? Wannan karɓe-karɓen na cikin kukan da suka yi. An zauna, an yi alkawari, katakon yana nan.

Barista Hadiza: Malam Ɗanjuma, abin da suke yi maka haramun ne a doka tun ba yau ba. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta hana kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Dokar tana nan a rubuce, mai aiwatarwa ne babu. Sannan ina so mu rarrabe wa ke da alhakin me, domin mukan tara komai mu ce "gwamnati", kowa kuma sai ya fake a bayan wani. Tsarin mulki, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabarta, kwashe shara da magudanan ruwa na cikin unguwa, kuma tana da hannu a firamare da ƙananan asibitoci. Harajin albashin Malama kuwa asusun jihar da take zaune yake shiga. Harajin kamfanoni da VAT hukumar tarayya ke karɓa. Kusan duk abin da Alhaji Sani ya yi kuka a kai, aikin ƙaramar hukuma ne da jiha, ba na Abuja ba. Cikinmu nan wa ya san sunan kansilansa?

Maman Hanifa: Na san shi, Barista. Ranar zaɓe na ga fastarsa.

Baba Tsohon Akawu: Salamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karanta ku, bari tsoho ya sa baki. Mahaifina malamin haraji ne a gidan dagaci, ni kuma na fara aikin akawu a ƙarshen zamanin En'e, na ga shigowar ƙananan hukumomi a 1976. Abin da zan faɗa da idona na gani.

In kaka ta yi, hakimi zai aiko da adadin da ya faɗo wa kowane gari. Dagaci ya tara masu unguwanni, a zauna a zaure da babban littafi, a bi gida-gida: wane baligi ne, wane ya rasu, wane ya tafi cirani. Duk wanda ya biya a yanka masa rasit, kuma wannan 'yar takardar mutum a cikin hula yake sa ta ko a layar hannu, domin in ya je wani gari ita ce shaidarsa. Fulani kuma jangali, a ƙirga shanu kai-da-kai. Kuɗin a ɗaure su a jaka, dogari ya raka su har baitulmali. Kuma daga wannan baitulmalin na En'en Kano aka ja ruwan Challawa aka kawo wutar lantarki birni a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga nan ake biyan malaman elemantare, da malaman asibiti, da masu duba-gari, da 'yan doka. Asibitin cikin gari, wanda yanzu ake kira Murtala, asibitin En'e ne. Ina yaro in ka je disfensare a ba ka magani a kwalba, ba a tambayarka ko sisi. Mai duba-gari yana shiga gida ya leƙa randa. Mutumin ƙauye ya san da guminsa aka yi waɗannan, shi ya sa in rijiyar gari ta rufta yana da bakin zuwa gaban dagaci.

Kwamared Nura: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ba zan bari a yi wa wancan zamanin kwalliya ba. Kakana ya ba mu labarin yadda ake shanya magidanci a rana a gaban iyalinsa saboda ya kasa biya, a ɗora masa dutse a ka. Mutum ya sayar da akuyar matarsa, ya sayar da hatsin da zai ci da damina, wani ya gudu ya bar garin har abada. Shekarar fari ma ba a ɗaga ƙafa. Mai unguwa ya ci nasa, dagaci ya ci, hakimi ya ci. Me ya sa jam'iyyar NEPU ta samu karɓuwa a karkara tun daga 1950? Me Malam Aminu Kano ya yi ta faɗa a kai? Haraji da jangali da aikin tilas. Da Abubakar Rimi ya hau mulkin Kano a Oktoban 1979 ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna, talakawa ba kuka suka yi ba, murna suka yi. Kuma kada a manta da gyaɗa. Hukumar sayen amfanin gona tana sayen gyaɗar manomi ƙasa da farashin duniya ta riƙe rarar. Wannan ma haraji ne, ba a dai yanka masa rasit. Ruwan famfo a birni aka sha shi, wanda ya noma dalar gyaɗar yana shan na kududdufi.

Baba Tsohon Akawu: Nura, duk abin da ka faɗa ya faru, har wanda ya fi haka. Na ga dattijon da aka tsayar a ƙofar fada tun hantsi har azahar, kuma ranar da aka soke haraji ni ma na yi farin ciki. Maganar birni da ƙauye ma gaskiyarka ce. Amma tsaya ka ji inda nake nufi. An cire zaluncin, madalla. Me aka sa a gurbinsa? Kuɗin fetur. Daga lokacin shugaban ƙaramar hukuma ba ya buƙatar sanin gida nawa ne a ƙasarsa, ba ya buƙatar manomi ya samu amfani. Ko an yi ruwa ko an yi fari, kasonsa zai zo ƙarshen wata. Na zauna a ofis na ga yadda abin ya juya: da fuskarmu tana kallon ƙauye, domin daga can albashinmu yake fitowa, sai ta koma kallon hedikwata. Talaka kuma ya daina tambaya, tunda a ganinsa ba kuɗinsa ba ne. In an gina masa rijiyar burtsatse sai ya yi ta godiya da addu'a kamar daga aljihun mutum aka ciro.

Kwamared Nura: To Baba, a dawo da harajin kai ke nan?

Baba Tsohon Akawu: Allah ya kiyaye. Ai kuna biyan wanda ya fi shi yanzu, ba ku da littafin da za ku nuna ne kawai.

Abu Yusra: Baba ya taɓo jijiyar. Ga yadda ake raba kuɗin asusun tarayya: gwamnatin tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake haƙo mai. Yawancin jihohinmu na Arewa da wannan kason suke biyan albashi, abin da suke tarawa a gida ba zai riƙe su ba. Legas kuwa a 2023 ta tara sama da naira biliyan 800 da kanta. Gwamnan da ya san kuɗinsa daga aljihun mutanen garinsa yake fitowa dole ya saurare su, ko ba ya so. Kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kason da jihohi ke samu ya ƙaru sosai. Wannan ƙarin daga ina ya fito? Daga aljihun duk wanda ya sayi fetur ko ya hau adaidaita. Don haka ko wanda bai taɓa ganin ofishin haraji ba, yana da haƙƙin tambaya.

Bello Ɗan Zamfara: Ina karanta ku ina jin kamar a wata ƙasar kuke. Ku kuna maganar kwata da alli. A garinmu bara sai da aka haɗa kuɗi aka kai wa 'yan bindiga a daji kafin a bar mu mu yi shuka, da kaka ta zo aka sake aiko mana da adadin da za mu biya kafin mu girbe. Mai gari ne ya bi gida-gida, kamar yadda Baba ya kwatanta, har da littafi. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da buhun gero. Yayana babur ɗinsa ya sayar. Suka kuma sa samarinmu suka yi musu noma a gonakin da suka ƙwace. Abin da zai ba ku tsoro, bayan an biya, ba su shigo ba har aka gama girbi. Yanzu akwai mutanen garinmu da ke cewa gara su, tunda in ka biya ka ga abin da ka saya. Ni wannan maganar ta fi kashe ni fiye da kuɗin. Kuma in muka kai ɗan abin da ya rage kasuwa, mai tikitin ƙaramar hukuma yana bakin ƙofa yana jira.

Maman Hanifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo muku ɗauki, Malam Bello.

Sani Mai Atamfa: Amin. Wallahi na ji kunyar kukana.

Bello Ɗan Zamfara: Kada ka ji kunya, Alhaji, ciwo ɗaya ne. Namu ne dai ya riga ya kai ƙashi.

Barista Hadiza: Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 24 kuma ya ce wajibi ne ɗan ƙasa ya bayyana abin da yake samu ya biya haraji a kan lokaci. Takarda ɗaya ce ta ɗauki biyun. Ba daidai ba ne a riƙa karanta mana na 24 kullum a rediyo, na 14 kuma a bar mutanen su Malam Bello su nema a daji.

Malam Na Zaure: Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya kuɓutar da na hannu. Ina so in gyara wani abu da nake ji a bakin 'yan kasuwa, cewa wanda ya fitar da zakka ya gama, haraji ba ya kansa. Zakka ibada ce, kuma an ƙayyade masu cinta guda takwas a Suratut Tauba. Ba a gina titi da ita, ba a sayen motar kashe gobara da ita. Malamai da yawa sun halatta shugaba ya ɗora wa masu hali wani abu bayan zakka in buƙatar jama'a ta kama, amma da sharuɗɗa: buƙatar ta zama ta gaske, baitulmali ya gaza, a ɗora gwargwadon ƙarfin mutum, a kashe a inda aka ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da ɗora wa mutane ba bisa shari'a ba. Don haka mai ƙin biya kada ya fake da addini, mai karɓa ya cinye kuma ya san amana ya ci, kuma zai tsaya a kanta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Issoufou na Maraɗi: Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Mu ma nan Nijar maganar guda ce. Muna biyan lanho, wato haraji, 'yan kasuwa na biyan na ma'aikatar magajin gari. A 2018 dokar kasafin kuɗi ta zo da sababbin haraji, mutane suka yi ta fitowa zanga-zanga a Yamai da wasu garuruwa, har aka kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula irin su Nouhou Arzika da Moussa Tchangari da Ali Idrissa a watan Maris na shekarar. Sai ga shi a ƙarshen 2023 an kafa asusun ceton ƙasa, ana cire dala biyu, wato sefa goma, a kiran waya da sayen data, mutane da dama kuma har da kansu suka riƙa kai gudummawa. Mutanen nan ɗaya ne, ba a canza su ba. Lokacin da suka yarda abin nasu ne sun bayar. Yanzu kuma tambayar da ake yi a majalisar shayi ita ce a nuna abin da aka yi da kuɗin.

Kwamared Nura: Shi ya sa ni matsayina a fili yake: a gani a ƙasa tukuna, sannan a biya. Matasan Kenya a watan Yunin 2024 sun fito kan dokar ƙarin haraji, sai da Shugaba Ruto ya janye ta. Matan Aba sun yi a 1929, matan Abeokuta sun yi har sarkinsu Alake ya sauka daga sarauta a 1949. Ba a taɓa ba talaka haƙƙinsa don ya yi biyayya ba.

Abu Yusra: Kwamared, an rasa rayuka a Kenya, kada mu faɗi abin kamar wasa. Kuma in kowa ya ce sai ya gani zai biya, wa zai fara? Malama ba ta da zaɓi, za a ci gaba da cire nata. Mai shago goma shi zai ji daɗin wannan fatawar taka, ya ɓuya a bayan talaka. Gwamna kuma ko a jikinsa, kasonsa na Abuja na zuwa. Ƙin biya ba ya cutar da wanda ba da kuɗinka ya dogara ba.

Hajiya Mai Adashi: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekara da shekaru ina riƙe da adashin matan unguwarmu. Ba a taɓa kawo mini kuɗi don ana tsorona ba. Ana kawowa ne domin littafina a buɗe yake, kowace mace ta san wa ta zuba, wa za ta kwasa, ran yaushe. Ranar da na ɓoye littafin, ko 'yar cikina ba za ta sake zubi ba. Abu Yusra, ɗana, ku buɗe littafin. A liƙa a ƙofar kasuwa: ga abin da aka tara wannan watan, ga abin da aka yi da shi. In kun yi haka ni da kaina zan bi shago-shago in taya ku karɓa.

Abu Yusra: Hajiya, mu karɓa muke yi, ba mu muke kashewa ba. Amma ba ni da abin cewa a kan maganarki, gaskiya ce.

Sani Mai Atamfa: To ni wani abu ya ɗaure mini kai. Lokacin da ake rigimar dokar nan a ƙarshen 2024, gwamnoninmu na Arewa sun tashi tsaye, Gwamna Zulum ya yi ta magana, aka ce za a cuci Arewa a rabon VAT. Mu ma muka goya musu baya. Yaya aka ƙare?

Barista Hadiza: An yi sulhu. VAT ya tsaya a kashi 7.5 yadda yake tun 2020, ba a ƙara ba. Kason tarayya ya sauko daga 15 zuwa 10, na jihohi ya hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suna nan a 35. Wajen rabawa tsakanin jihohi, rabi a raba daidai-wa-daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Gwamnoni sun yi faɗan kasonsu kuma sun samu. Abin da ban ji an yi faɗa a kansa da irin wannan zafin ba shi ne me za a yi da kason in ya iso. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware kashi 15 na kasafinsu ga lafiya. Kowa ya duba kasafin jiharsa, kuma kada ya tsaya a abin da aka rubuta za a kashe, ya nemi rahoton abin da aka saki a zahiri, domin nan ne ake yin ɓatan dabo. Haka hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, da ya ce a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba. Aiwatar da shi ya yi ta tafiyar hawainiya.

Ɗanjuma Direba: Barista, mu da ba mu iya duba kasafi ba fa?

Barista Hadiza: Ba sai kowa ya iya ba, mutum ɗaya a ƙungiya ya isa. Abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, yana intanet, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitarwa. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011: ka rubuta wa hukuma takarda kana neman bayani, doka ta ba ta kwana bakwai ta amsa. Mutum ɗaya in ya rubuta za a iya jefa takardarsa a kwando. Ƙungiyar 'yan kasuwa mai mutum dubu, ko ƙungiyar direbobi, in ta rubuta ta kai kwafi gidan rediyo, ba a yi mata haka cikin sauƙi. Kuma ku daina biyan kuɗi a hannu. Ku ce a ba ku lambar biya ku tura ta banki, ku adana shaidar. Wanda ya ƙi ba da lamba ya tona wa kansa asiri.

Kwamared Nura: Takarda ba ta taɓa tsorata ɓarawo ba, Barista. Amma ku rubuta, ni zan kai gidan rediyon, in kwana bakwai ta wuce ba amsa kuma kada wanda ya ce mini in yi haƙuri.

Sani Mai Atamfa: Akwai zaman shugabannin layi ranar Asabar bayan la'asar, zan gabatar da maganar. Sai dai in faɗa muku gaskiya, wasu daga cikin shugabannin namu da su ake raba kuɗin tikitin, ba za su so a buɗe littafi ba. Barista, ki rubuto mana yadda takardar za ta kasance, da Hausa da Turanci, yadda ba za a ce ba a gane ba. Abu Yusra, kai kuma ka turo mana jerin harajin da doka ta yarda a karɓa a kasuwa, mu san na gaske mu san na bogi.

Abu Yusra: Zan turo gobe in Allah ya kai mu. Amma da sharaɗi, Alhaji: in jerin ya zo ka ga akwai wanda ya hau kanka ba ka biya, za ka biya.

Sani Mai Atamfa: In ta banki ne, da suna da lamba, zan biya.

Maman Hanifa: Barista, a ƙara tambaya ɗaya a takardar don Allah. Na ji ana cewa akwai kuɗin gyaran firamare da ke zaune a Abuja ba a karɓo ba. Gaskiya ne?

Barista Hadiza: Kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kike nufi. Dokar 2004 ta ware kashi 2 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta ɗauka sai ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta. Jihohi da dama sun sha barin nasu ya taru shekara da shekaru saboda ba su ajiye ba. Wannan tambayar ba ƙaramar hukuma za a aika wa ba, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha za a rubuta wa, takarda daban. Ki samo mini sunan ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantarku da wanda zai sa hannu, kuma kada ya zama ke, tunda a ƙarƙashinsu kike aiki.

Bello Ɗan Zamfara: In kun gama taku, a rubuta mana tamu. Ban san ofishin da za mu kai ba, sakatariyar ƙaramar hukumarmu ma'aikata sun daina kwana a garin.

Barista Hadiza: Malam Bello, ka yi mini magana ta akwatin sirri, kada ka rubuta sunan garinku a nan.